Ku Tambayi Mai Duwatsu: Shin Dutsen Nan Nawa Yana da Seleniyom?

Wasiƙun da na zaɓo a wannan wata duka a kan seleniyom suke, wani sinadari da ake samu ɗan kaɗan a cikin duwatsu. Da alama maganarsa ta fara yawo a tasha da majalisu, don haka gara mu zauna mu warware ta gaba ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni direba ne, ina zaune a Sabon Gari nan Damagaram, ina ɗaukar kaya zuwa Tawa. Kwanakin baya mota ta tsaya mana tsakanin Madawa da Buza. Muna jiran makanike sai na gangara wani kori, na tarar da wasu fararen duwatsu falle-falle cikin laka, garau da su, har kana hango yatsanka ta bayansu. Na ciko rabin buhu na zo da su gida. Yarona ya ɗauki hotonsu da salula, manhajar ta ce sunansu selenit. Da muka bincika sai muka ga wai seleniyom abu ne mai wuyar samu, har a farantin hasken rana ana sa shi. Yanzu wani a tasha ya ce ya san mai saye, amma sai na ba shi jika hamsin kuɗin gwaji. Malam, in ba shi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka ba shi ko dala, ɗan'uwa. Gwajin da yake nema maka kuɗi a kansa, farcenka zai yi maka shi kyauta yau ɗin nan.

Ɗauko falle ɗaya ka karce shi da farcen babban yatsa. In ya kartu, ya bar farin layi da ɗan gari, an yi rabin magana. Sai ka sa bakin wuƙa a gefensa ka ɗan danna, za ka ga ya tsage sirara-sirara. Lanƙwasa ɗaya daga cikin siraran a hankali. Zai ɗan bi hannunka, amma in ka sake shi ba ya komawa yadda yake. Ɗiga masa ruwan lemun tsami, ba zai yi kumfa ba. Na ƙarshe, ɗora ɗan guntu a kan murfin gwangwani bisa garwashi, a tsakar gida. Ba da jimawa ba garau ɗin nan zai dushe, ya koma fari fat, kana taɓa shi ya ruguje ya zama gari.

In ya yi duk wannan, kuma ina da yaƙinin zai yi, to jips ne a hannunka. Kusan kashi 21 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikinsa, shi ne wuta ta kora har ya koma gari. Garin nan shi ne filastar da ake ɗaure karaya da ita a likita, da shi ake adon rufin ɗaki, da shi ake yin yawancin allin makaranta. Ragowar abin da ke cikinsa kalsiyom ne da farar wuta da iskar oksijin. Seleniyom kuwa babu shi a tsarinsa sam.

Salular ba ta yi maka ƙarya ba, sunan ne ya ruɗe ku. Turawa na kiran jips mai garau selenit tun ɗaruruwan shekaru kafin a san akwai wani sinadari seleniyom a duniya. Sunayen biyu sun fito daga sunan wata a harshen Girkawa, iyakar dangantakarsu ke nan.

Wurin da ka tsince shi ma shaida ne. Ƙasar Adar cike take da jips a cikin laka, mutanen yankin sun daɗe suna tonon sa suna tarawa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza, saboda ana zuba kaɗan daga cikinsa a siminti don kada ya yi saurin daskarewa tun magini bai gama aiki ba. Kuɗinsa na kayan gini ne, da tan ake lissafi. Rabin buhunka ba zai biya ko man da motar ta sha ba.

Abubuwa uku mutane ke rikita shi da su. Ma'adinin da ake kira mika tana tsagewa falle-falle ita ma, sai dai in ka lanƙwasa ta ka sake, tana miƙewa. Kalsit ba ya kartuwa da farce, kuma garinsa na kumfa da ruwan tsami. Dutsen ƙanƙara, wanda masana ke kira kwarz, shi wuƙa ma ba ta kama shi, shi ne ke karce gilashi.

Yanzu a ce ma dutsen naka yana da seleniyom ɗin. Har yanzu mutumin tasha ba shi da mai saye. Kusan duk seleniyom ɗin da duniya ke amfani da shi, tan dubu kaɗan ne a shekara, ba daga rami na musamman yake fitowa ba. Daga masana'antun tace tagulla ake samun sa. Idan ana tace tagulla da lantarki, akwai wani baƙin taɓo da ke kwantawa a gindin kwarmin, to a cikin taɓon nan ake tsamo zinariya da azurfa da seleniyom. Daga nan yake tafiya wurin masu yin gilashi, masu jan fenti, masu wani nau'in farantin hasken rana, da masu haɗa abincin dabbobi. Kuma ba shi da tsadar da ake zuzutawa: a ƴan shekarun nan giram ɗaya na zinariya ya fi kilo guda na seleniyom kuɗi. Duk wanda ya ce maka ka fara biya kafin ka sayar, kuɗinka yake saye, ba dutsenka ba.

Kada dai ka zubar da su duka. Zaɓi biyar ko shida waɗanda ba su farfashe ba, masu kaifin gefe, ka naɗe kowane a takarda daban. Kada ka wanke su ka bar su a jiƙe, ruwa na cin jips a hankali ya ɓata ƙyallinsa. Dutse ne mai kyau a karan kansa. A Meziko, a mahaƙar Naika, ma'aikata sun faɗa wani kogo a 2000 suka tarar da irinsa, wasu tsawonsu ya haura mita 10.

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce, ina karanta ilimin ƙasa da duwatsu a jami'a. Na sayi wani dutse mai nauyi, launin dalma, wurin mai tozali a Kasuwar Dole ranar Alhamis. Tsawonsa ya kai santimita 4, yana fashewa murabba'i-murabba'i kamar matakala, yana ƙyalli. Na karanta cewa akwai wani ma'adini mai seleniyom, kulostalit, da ba a bambanta shi da tozali. Ta yaya zan gane ko nawa shi ne? Na ga a wani tsohon littafi ana ƙona shi a shaƙi warin. In gwada? Kuma a ina za a nemi irin waɗannan a ƙasarmu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƴata. Tambayarki ta faranta mini rai, don kin dosa inda maganar take. Zan fara da amsar da ba za ki so ba: naki tozali ne, wato galen, dalma da farar wuta. Ga dalili.

Seleniyom ɗan'uwan farar wuta ne na jini. A jadawalin sinadarai layi ɗaya suke, shi lamba 34, ita 16, halinsu ɗaya, girmansu ya yi kusa. Ita kuma farar wuta ta ninka shi yawa sau dubbai. In aka yi matsakaicin lissafi, tan guda na dutsen doron ƙasa bai wuce giram 0.05 na seleniyom ba, nauyin ƙwayar gero biyar ko shida ke nan a cikin buhu ashirin masu kilo hamsin-hamsin. To ɗan kaɗan ɗin nan ba ya samun damar tsayawa da ƙafarsa. Duk inda ake ƙera ma'adinin farar wuta a ƙarƙashin ƙasa, firit ne (wato na baƙin ƙarfe da farar wuta) ko galen ko na tagulla, sai ya saje a ciki ya zauna a gurbin farar wuta. Sai a wurin da farar wuta ta yi ƙaranci ƙwarai yake haɗuwa da dalma ko tagulla ko azurfa ya fitar da ma'adini nasa na kansa. Irin wuraren nan a duniya ƙidayayyu ne.

Gano shi ma ta wannan ɓuyan aka yi. A 1817 masanin nan ɗan Suwidin, Berzelius, yana da hannu a wata masana'antar ruwan batir a Gripsholm, wadda ke amfani da firit ɗin mahaƙar Falun. Wani jan taɓo ya riƙa taruwa a gindin ɗakunan dalmar da ake haɗa ruwan. Da aka ƙona taɓon sai ya ba da wari irin na ruɓaɓɓen radi. Da farko an ɗauka teluriyom ne, wani sinadari da aka riga aka sani. Da ya ƙara bin diddigi sai ya ga sabon abu ne. Kin ga tun ranar farko a sharar masana'anta aka same shi.

Ma'adinai masu seleniyom da aka tabbatar sun haura ɗari, kulostalit ne ya fi yaɗuwa a cikinsu. An sa masa suna a 1832 daga garin Klaustal da ke duwatsun Harz a Jamus. Kamarsa da tozali gaskiya ce: launi ɗaya, taushi kusan ɗaya, tsakanin 2.5 da 3 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, in kika goga su a gindin fasasshen faranti na tangaran duka baƙin layi mai toka-toka suke bari. Har ma akwai na tsaka-tsaki, wanda rabinsa farar wuta rabinsa seleniyom. Inda suka rabu shi ne yadda suke fitowa. Tozali na fitowa manya-manya, da matakalan nan da kika kwatanta. Kulostalit yawanci tsaki-tsaki ne, ƙanana, a warwatse cikin jijiyar farin kalsit, sau da yawa tare da jan ma'adinin ƙarfe. Wanda ke akwatina, da musaya na same shi, bai kai santimita ɗaya ba. In ba da gilashin ƙara girma ba, abin da za ki gani farin dutse ne da ɗan dabbare-dabbaren toka. Sai kin sa gilashi kin juya shi wajen hasken taga sannan ƙwayoyin suke fitowa ɗaya-ɗaya, da wani ɗan shuɗi-shuɗi a cikin tokar, wanda tozali ba shi da shi. Dunƙule mai santimita 4 da aka saya da kuɗin tozali a Kasuwar Dole, tozali ne. Maƙwabciyarmu Najeriya tana da galen mai yawa, a Abakaliki da Zurak da sauran wurare a kwarin Binuwai, babu dalilin da zai sa abu mai wuyar samu ya faɗo tiren mai kwalli.

Amma ki auna nauyinsa da ruwa, don ki koyi hannun. Nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Auna dutsen a bushe ki rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikelin, ki mayar da shi sifiri. Ɗaure dutsen da zare, ki zura shi cikin ruwan ya nutse duka ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, ki karanta. Raba na farko da na biyu. A ce a bushe giram 60, a ruwa sikelin ya nuna 8, amsa 7.5 ke nan. Jips na ba da 2.3, kwarz 2.65, firit wajen 5, galen wajen 7.5, kulostalit wajen 8. Sai dai ki lura da tazarar 7.5 da 8. Ɗan kumfan iska a jikin zare, ko ɗan farin dutse da ya manne, ya isa ya cinye ta. Wannan gwaji zai gaya miki ma'adinin dalma ne a hannunki, ba zai wuce nan ba.

Maganar ƙonawa kuwa, a'a. Littafin bai yi ƙarya ba. Masanan da, da bututun hura wuta da gawayi suke aiki: mai seleniyom na ba da shuɗin harshen wuta da warin radin nan, in a bututun gilashi ne kuma ya bar jan shafi a jikinsa, mai farar wuta kuwa warin ashana yake yi. Amma abin da ke shiga hancin mai shaƙar hayaƙin dalma ne da na seleniyom, duka guba. In aka yi rashin sa'a dutsen tiyemanit ne, wanda ke da merkuri, irin ruwan nan da ƴan zinariya ke kama gari da shi, to tururinsa za a shaƙa. Kada kuma ki zuba masa ruwan batir ko wani asid. Yana iya sakin wata iska ta haidirojin da seleniyom, wadda ta fi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai haɗari nesa ba kusa ba. Jips ɗin direban can na ce ya ɗora a wuta saboda ruwa kawai zai fita. Duk dutse mai nauyi mai ƙyallin ƙarfe, wuta ba gwajinsa ba ce a gida.

Sauran dangin kowa da alamarsa, ga mai ido. Berzeliyanit, na tagulla, daga Sikirikerum a Suwidin: in an fasa shi sabo fari ne kamar azurfa, ba ya jimawa a iska yake baƙi, kuma yakan yi rassa-rassa a cikin kalsit. Umangit, daga tsaunukan Umango a Ajantina, an bayyana shi a 1891, ja ne mai duhu da ke karkata zuwa shunayya. Inda ruwa da iska suka ci irin waɗannan sai kalkomenit ya tsiro a kansu, ƙananan ƙwayoyi shuɗi shar. Masu nema sun fi dogara da shi, don shi ke tona asirin abin da ke ƙasa. Nahiyarmu ma tana da nata wurin da duniya ta sani: mahaƙar Musonoi kusa da Kolwezi a Kwango. A can aka fara gano giyeminit mai ruwan ɗorawa da demesmakerit mai kore a 1965, sannan martozit a 1969. Kyawunsu ya isa, amma dukansu suna da yuraniyom, suna fitar da tururin nukiliya, ba kayan ajiye wa a ɗakin kwana ba ne.

Batun ƙasarmu. Manyan duwatsun da suka kewaye Birnin Damagaram giranit ne, haka na wajen Gure. Kwarz da feldispat da mika za ki samu a cikinsu, ba muhallin waɗannan ma'adinai ba ne. Muhallin da aka fi sanin seleniyom da shi a ƙasa mai kama da tamu shi ne dutsen yashi mai yuraniyom. A Amurka, a jihohin Kolorado da Niyu Meziko da Wayomin, ana samun zallan seleniyom da feroselit, wato na baƙin ƙarfe, a gefen irin wannan taman. Yuraniyom ɗin Arlit shi ma a dutsen yashi yake, inda kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, kamfanin Cominak kuma ya yi aiki a Akuta daga 1978 zuwa 2021. In kina neman batun kundin kammala karatu, ga tambaya nan mai kyau da za ki kai wa malaminki. Amma ta hanyar jami'a da takardar izini ake bin ta. In wani ya zo miki da dutse a leda ya ce daga can ya ɗebo, kada ki karɓa.

Hujjar da ake yarda da ita guda ce: a yanka dutsen, a goge fuskarsa, a duba a madubin bincike mai hasko ma'adinai, sannan a auna ƙwayar da na'urar da ke faɗin sinadaran da ke cikinta. Ki fara da malamanki. In abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, akwai sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar binciken ma'adinai ta ƙasa, duka a Yamai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Tanut ne, na yi zaman Jado. Wani mai sayen zinariya ya ɗora wa dutsena na'urar nan mai kama da bindiga, allon ya nuna Au, alamar zinariya, ya kuma nuna Se, alamar seleniyom. Ya ce Se ɗin ba komai ba ne. Ko ya cuce ni?

AMSA: Barka kadai. Bai cuce ka a kan Se ba. Na'urar tana harba haske mai ratsa jiki, kowane sinadari ya mayar mata da amsa a wani mataki nasa, ita kuma ta karanta matakin ta faɗi suna. Matsalar, matakin seleniyom yana 11.2, ɗaya daga cikin na zinariya yana 11.4. Sun yi kusa har ƙaramar na'ura takan haɗa su. Ɗaya matakin na seleniyom, 12.5, shi kuma yana jikin na dalma, 12.6. Saboda haka dutse mai zinariya ko mai dalma yakan sa allon ya rubuta Se ko da babu shi, ko ya kumbura ɗan abin da ke akwai. Ƙwararren mai aiki da ita ba ya tsayawa a jerin sunaye, yana buɗe zanen ya duba da idonsa.

In ma na gaske ne, ɗigo ne da ba mai biyan kuɗinsa. Inda ya kamata ka sa ido shi ne sikelinsa da lissafin karat, a nan ake yi wa mutane ƙwange.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Garin Malam. Maigidana ya dawo daga daji da duwatsu iri-iri ya zuba a kwano ƙarƙashin gado, yara na wasa da su. Wata maƙwabciyata ta ce in jiƙa ɗaya mai ƙyalli a ruwa in riƙa sha ina wanke kai, wai yana da seleniyom, yana sa gashi da ƙarin lafiya. Ya gaskiyar abin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki sha, kada ki ba yara, kada ki sa a kai. Yau ɗin nan ki fitar da kwanon daga ɗaki.

Gaskiya ne jiki na bukatar seleniyom, amma ɗan mitsitsi: babba, mikirogiram 55 a rana, wato kashi 55 cikin miliyan na giram ɗaya. Kifi da nama da ƙwai da hatsi suna kawo shi. Daga mikirogiram 400 zuwa sama a kullum an shiga haɗari. Ƙasar Sin ta ga duka fuskokin biyu. A gundumar Keshan, inda ƙasar noma ba ta da shi, ciwon zuciya ya riƙa kashe yara da mata. A yankin Enshi kuwa, inda ya yi yawa a ƙasa da gawayin dutse, tsakanin 1961 da 1964 mutane suka riƙa zubar da gashi da farce. Kin ji, gashin da maƙwabciyarki ke son ya tsiro, shi ne abin da ke fara zubewa in ya yi yawa, bakin mutum kuma ya riƙa warin tafarnuwa. Sabulun ruwa na amosani mai seleniyom da ake sayarwa a kantin magani daban ne, a ƙididdige aka haɗa shi, kuma ba a sha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba seleniyom ba ne. Dutse mai ƙyalli daga ramin zinariya ya fi kusa da zama mai dalma ko arsenik. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara. Ki yi wa maigida magana da lalama ya zuba su a gwangwani mai murfi ya ɗora can sama a zaure ko rumbu. Kada a daka su a turmin gida. A goge ƙarƙashin gadon da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a yar da tsumman, kwanon kuma kada ya koma madafa. In akwai yaron da kika san yana sa su a baki, a kai shi likita a faɗa musu abin da ya faru.

TAMBAYA: Malam, ni mushe ne a wani kwaleji a Mirya, ina koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa. Ina son haɗa akwatin duwatsu don ɗalibai, har da mai seleniyom ko guda ɗaya ne. Ta ina zan fara?

AMSA: Madalla da wannan niyya, abokin aiki. Fara da abin da ƙafarka za ta kai ka: giranit na Damagaram, kwarz, jan marmara, dutsen yashi na Kutus, kanwa, gishirin Bilma, jips na Adar, kuza daga Abzin in ka sami mai zuwa, da guntun tozali a kwalba mai murfi. Yaron da ya karce jips da farcensa, ya ga kwarz ya karce kwalba, ya ɗaga tozali ya ji nauyinsa, ya riga ya fi ƙarfin ƴan damfarar tasha.

Mai seleniyom na gaske sai ta hanyar saye ko musaya daga waje. Masu tara duwatsu na da kasuwanninsu na shekara-shekara, irin ta Tusan a Amurka a watan Fabrairu, da ta Sant-Mari-o-Min a Faransa a watan Yuni, da ta Munik a Jamus a watan Oktoba, yawancin dillalan kuma suna sayarwa ta intanet. Ni dai ba zan ce ka kashe kuɗin makaranta a kai ba. Abin da zai zo maka ɗan tsaki ne a akwatin roba, wanda ɗalibai sittin ba za su ga komai a jikinsa ba sai da gilashi. In ka nace, nemi kulostalit ko berzeliyanit, ka guji na Musonoi saboda yuraniyom, kuma kada ka karɓi wanda takardarsa ba ta faɗi sunan mahaƙa ba. Tunda ido ba ya tabbatar da shi, takardar ce rabin kuɗin. Musaya ta fi araha: kyakkyawan jips ko kuza mai cikakken bayanin inda aka samo shi, akwai masu so a can. Kafin ka aika da komai waje, ka je ofishin ma'adinai na jiha ka nemi takarda, don a doka abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A daji ma ka gaida mai gona da mai gari kafin ka sa guduma.

Naka ma haka za ka yi musu. A wurin da ka ɗauka, tun kafin ka tashi, rubuta sunan gari mafi kusa, lambobin wurin daga salula, kwanan wata, da irin dutsen da ya kewaye shi, ko a jikin dutse ka ɓalle shi ko a kori ka tsinta. Ka ɗauki hoto da guduma a gefe don a ga girma. In ka bari sai ka dawo gida, duwatsu goma a buhu guda sun riga sun cakuɗe.

Kada ka dogara da takardar da ka naɗe dutse da ita, gara za ta cinye ta kafin damina biyu. Ɗiga farin fenti a wani lungu na dutsen, ya bushe, ka rubuta lamba a kai da baƙin alƙalami marar gogewa. Lambar nan ita za ka sa a littafi tare da duk bayanin. Littafin ya zauna a akwatin ƙarfe, ka kuma ɗauki hoton kowane shafi ka aika wa wani malami, don in an yi maka canjin wurin aiki wanda ya gaje ka ya san abin da ke cikin akwatin.